Soja da Kayan Agaji: Tarihin da Ya Biyo ta Ƙofarmu, Daga Farin 1973 Zuwa Ambaliyar Alau

A wannan makon mun ɗauko wani tarihi da ya shafe mu kai tsaye, musamman masu harkar hatsi da lodin motoci a kasuwar Gombe: yadda sojoji suke shiga aikin kai agaji ƙasashen da bala'i ya afka wa, da wanda ya kamata ya riƙe ragamar aikin idan sun shigo.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba. Tun daga 1968 damina take ta ja da baya a yankin Sahel, har abin ya kai maƙura a 1972 da 1973. Ƙasashe shida ne suka fi jin jiki: Muritaniya, Senegal, Mali, Upper Volta wadda yanzu ake kira Burkina Faso, Nijar da Chadi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 100,000 suka rasu, dabbobi kuwa miliyoyi. Arewacin Najeriya ma bai tsira ba. Buzaye da Fulani da suka rasa dukiyarsu suka kwararo kudu, wasu suka tare a sansanin Lazaret da ke gefen Yamai, wasu suka shigo Sakkwato da Katsina da Kano.

Ƙasashen duniya sun yi alkawarin hatsi, amma alkawari daban, isar buhu hannun mai jin yunwa daban. Nijar da Chadi da Mali ba su da teku. Sai an sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa irin su Dakar, Abidjan, Kwatano da Legas, a ɗora a jirgin ƙasa, sannan a juye a manyan motoci. Layin dogon da ya ratso Gombe, wanda ya isa Maiduguri a 1964, yana cikin hanyoyin da Chadi ta dogara da su wajen shigo da kaya, domin daga Maiduguri mota ce ke ƙarasawa. Matsalar ita ce hatsi ya taru a tashoshin ruwa, taragu da motoci ba su wadata ba, ga damina ta ƙarato, kuma da zarar ruwa ya sauka hanyoyin burji sun yanke.

A nan ne aka nemi sojojin sama. Amurka, Faransa, Jamus ta Yamma, Beljiyam da Kanada suka turo jiragen dakon kaya, suna kai dawa da garin madara garuruwa masu nisa kamar Agadas, Gawo da Tambutu. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe ofishi na musamman a 1973 don tsara aikin, su kuma ƙasashen shida suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu a watan Satumba na wannan shekarar.

Ga wani lissafi da duk ɗan Tudun Hatsi zai gane nan take. Jirgin C-130, wanda aka fi amfani da shi a wannan aiki, abin da yake ɗauka bai wuce kimanin tan 20 ba, idan tafiyar da nisa ma bai kai haka ba. Tirela ɗaya kuwa tana ɗaukar tan 30. Ke nan jirgin da ake kashe wa maƙudan kuɗi bai kai tirela guda ba. Amfaninsa shi ne sauri da kuma isa inda mota ba ta zuwa. Jirage sun ceci garuruwan da hanya ta yanke musu, amma mafi yawan hatsin da ya raya mutane a ƙasa ya bi, da ƙarfin direbobi da 'yan dako da ma'aikatan reluwe.

Akwai kuma wani ɓangare mai ɗaci. A ranar 15 ga Afrilu 1974, Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar, kuma cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar akwai zargin karkatar da kayan agaji. A Habasha ma yunwar Wollo tana cikin abubuwan da suka kai ga faɗuwar Sarki Haile Selassie a watan Satumba na 1974. Bayan shekara goma, gwamnatin soja a Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984, daidai lokacin da fari ya dawo, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekarar suna El-Buhari. Wato hukuncin soja yana iya buɗe wa abinci hanya, yana kuma iya toshe ta.

Najeriya ta ɗauki darasi daga farin, ta kafa hukumar agaji ta NERA a 1976. A 1999 aka maye gurbinta da NEMA, wadda aka ɗora wa nauyin haɗa kan duk masu hannu a aikin gaggawa. A tsarin da ake bi, akwai rukunonin soja da aka ware a barikoki don kai ɗauki idan bala'i ya fi ƙarfin hukumomin farar hula.

A duniya kuma, abin da aka gani a Afirka da sauran wurare ya sa aka rubuta ƙa'idojin Oslo a 1994, aka sabunta su daga baya. Taƙaitaccen abin da suka ƙunsa shi ne: ƙasar da bala'in ya shafa ita ce za ta nema ko ta amince, ba a kiran sojan waje sai farar hula sun rasa yadda za su yi, kuma jagorancin aikin jin ƙai yana hannun farar hula. An fi son soja ya tsaya ga abin da ya fi kowa iyawa, kamar jigila da gyaran gada da filin jirgi da samar da ruwa da hanyar sadarwa, ya bar rabon kaya hannu da hannu ga ma'aikatan agaji. Ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne yake zaunar da ɓangarorin biyu a teburi ɗaya.

Inda aka samu fahimtar juna, an ga amfani. A ambaliyar Mozambik ta shekarar 2000, jirage masu saukar ungulu na sojan Afirka ta Kudu sun kwaso dubban mutane daga kan bishiyoyi da rufin gidaje. A annobar Ebola ta 2014, sojojin Amurka sun gina cibiyoyin jinya a Laberiya, na Ingila kuma a Saliyo. Inda aka samu saɓani kuwa, an ga illa. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, sojan Amurka ya karɓi tafiyar da filin jirgin Port-au-Prince, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta koka cewa an juya jiragenta masu ɗauke da magani. Sai da aka zauna aka tsara wane jirgi ne zai fara sauka. Ba kaya aka rasa ba, tsari aka rasa.

Na kusa da mu shi ne abin da ya faru a Maiduguri. A ranar 10 ga Satumba 2024 aka wayi gari madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da fadar Shehu, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Sojoji sun fito da kwale-kwale da manyan motoci suna kwashe mutane. Amma kafin su iso lunguna da yawa, matasan unguwa da masunta ne suka fara ceto, kuma abincin da ya riƙe mutane a kwanakin farko, da yawansa daga hannun jama'a da 'yan kasuwa ya fito.

To mu fa? Muna da madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, muna da kwaruruka da suka ratsa cikin gari waɗanda ke cika duk damina. Muna da barikin soja, da ofishin NEMA, da hukumar agaji ta jiha. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda bai san abokin aikinsa ba kafin bala'i, ba zai same shi a tsakiyar ruwa ba. Shawararmu ga shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi da masu unguwanni ita ce su zauna da waɗannan hukumomi tun da rani. A san sito nawa za a iya ba da aro, mota nawa za ta iya tashi cikin dare, wa zai rubuta sunayen mabuƙata, wa kuma zai sa ido kan rabo don kada abin da aka yi zargi a Yamai a 1974 ya maimaitu a kanmu.

Dattawan da suka ga farin 1973 da idonsu, musamman tsofaffin ma'aikatan reluwe da direbobin hanyar Maiduguri, muna roƙon 'ya'yansu da jikokinsu su tambaye su, su rubuta mana abin da suka ji. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.