Yadda Igiyar Ƙyalle Ta Shigo Hannun Maɗinka

Duk wanda ya tashi a gidan ɗinki, kamar yadda muka tashi a cikin birnin Kano, ya san cewa igiyar da ake tufkawa da ragowar ƙyallaye, wadda jama'a da dama suke zaton gadon kaka da kakanni ce, baƙuwa ce a cikin sana'o'inmu, domin ba ta samu ba sai bayan da yadi ya yawaita har aka sami abin zubarwa. A lokacin da Baturen nan matafiyi, Barth, ya sauka Kano a shekarar 1851, ya tarar ana ɗaukar tufafin ƙasar nan har Tambutu da Gat da Tarabulus, masaƙa ƙwarya-ƙwarya suke saƙawa, faɗin kowace bai wuce tafin hannu ba, ta turkuɗin Kura ma ba ta kai yatsu biyu ba. Aikin maɗinki kuwa shi ne ya auna tsawo, ya jera ƙwaryoyin nan, ya harhaɗa su da allura, ta yadda riga za ta fito ba tare da almakashi ya ci wani abin kirki ba. Ɗan abin da ya ragu yana da masu jiransa: a yi maho da shi, ko zariyar wando, ko lagwanin fitila. Zaren da mace ta kwana tana kaɗi da mazari, a ce an mai da shi abin ɗaure akuya, wannan a wurin mutanen dā israfi ne bayyananne.

Igiya kuwa tana da nata ma'abota. Da rama ake tufka ta, bayan an jiƙa an ɓare, ko da kaba, ko da ɓawon kuka, kuma galibin masu yin ta makafi ne, waɗanda Allah Ya ba su basirar yatsu, suna zaune a inuwa da bakin igiyar a maƙale a babbar yatsar ƙafa, suna fitar da ta guga da dabaibayi da ragaya. Babu maɗinkin da ya taɓa tunanin shiga musu hurumi.

Al'amarin ya sauya ne sannu a hankali bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da akoko da alawayyo da atamfa masu faɗi, keken ɗinki na Singer ya bazu a kasuwanni, aka kuma shiga yayin kaftani da wandon zamani da rigunan mata masu hannu, waɗanda ba su ɗinkuwa sai an yanka wuya da hammata a lanƙwashe. Yankan lanƙwasa shi ne uban ƙyalle. Da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu manyan masaƙu suka biyo bayanta a shekarun 1960, sai yadi ya yi araha har talaka yana iya yin ɗinki biyu a shekara, ƙarƙashin kekunanmu kuwa, musamman a goman ƙarshe na azumi, ƙafa ba ta taɓa ƙasa saboda tarin ƙyallaye.

A nan ne wata mas'ala ta taso wadda malamanmu ba su ɗauke ta da wasa ba, wato mallakar wane ne ragowar. Hukuncin da muka ji daga gare su shi ne, yadi amana ne a hannun tela, abin da ya ragu kuwa haƙƙin mai shi ne; idan ya kai a yi hular yaro ko aljihu da shi, wajibi ne a mayar, ko a nemi izini a bayyane, amma siraran da ba wanda zai waiwaye su, waɗanda al'ada ta gudana a kan yafe su, babu laifi a amfana da su. Teloli masu tsantseni, don gudun shubuha, sukan naɗe ragowar a cikin ɗinkin su miƙa wa mai kaya. Ba zan ce dukanmu haka muke ba. Siraran nan da aka yafe, su ne suka zama igiya, kuma yaran shago da matan cikin gida ne suka fara ta, suna kwaikwayon hannun makafi.

Yadda ake yi ba shi da wuya a faɗa. Ana keta ƙyalle a tsaye, faɗin yatsa guda, a ƙulla bakin guda biyu, a murɗa na hannun dama shi kaɗai zuwa waje, sannan a ketaro da shi kan ɗan'uwansa zuwa ciki, a karɓi ɗayan a yi masa haka; sirrin kuwa yana cikin wannan saɓani, domin kowane sili yana neman warwarewa, amma hanyar da zai bi ya warware ita ce take ƙara matse shi a jikin abokinsa. Idan sili ya kusa ƙarewa sai a cusa bakin sabo a cikin ninkinsa a murɗe su tare, ba a ƙulli, kuma gwani ba ya bari mahaɗan silin biyu su faɗo wuri guda, don nan ne igiya take tsinkewa. Atamfar auduga da aka ɗan yayyafa wa ruwa ta fi kowane yadi kama murɗi. Ba a jan guga da ita, gama ruwa yana ruɓar da ita da wuri, amma ta isa shanya, da ɗaure tabarma da kayan amarya, da rataye allo, wasu matan kuma sukan naɗe ta su ɗinke ta zama gammo ko shimfiɗar bakin ƙofa mai launi iri-iri.

Abu biyu ne suka karya igiyar ƙyalle. Na farko igiyar roba, da kuma zaren buhun taki wanda manoma suke warwarewa su tufka, ya fi ƙarfi, ruwa kuma ba ya cin sa. Wannan ya taɓa makafi fiye da yadda ya taɓa mu. Na biyu mutuwar masaƙu, domin Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, Kantin Kwari ya cika da yadin Sin wanda galibinsa roba ce, santsi gare shi, kana murɗawa yana zamewa, idan ka keta shi kuma bakinsa ya yi ta zubar da zare. Ƙyalle a yau ya fi na kowane zamani yawa, amma a buhu ake sayar da shi ga masu cusa matashin kai da makanikai masu goge hannu, kuma wanda yake son tufka sai ya zauna ya tsince na auduga ɗaya bayan ɗaya, yana gwada wanda ya yi shakkarsa da ashana: idan ya zama toka ya ajiye, idan ya narke ya dunƙule ya mayar cikin buhu.