Al'ada da Shari'a a Ƙasar Afganistan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare, darasinmu na wannan dare na azumi zai kai mu ƙasar Afganistan, domin mu duba yadda al'adar mutane ke zama tare da addininsu, wani lokaci ta yi masa hidima, wani lokaci ta ari rigarsa ta sa.

Musulunci ya isa yammacin wannan ƙasa tun ƙarni na farko na Hijira, amma sai da aka ɗauki ƙarnuka kafin ya game duwatsunta. Sarki Mahmudu na Gazna, wanda ya yi mulki daga 998 zuwa 1030 Miladiyya, ya ƙarfafa shi ƙwarai. Mutanen Nuristan kuwa ba su shiga ba sai wajen 1896, zamanin Amir Abdurrahman Khan. Ƙasa ce ta malamai da waliyyai: birnin Hirat ya fitar da Shaihu Abdullahi Ansari, masu tarihi da yawa kuma sun ce kakan Imamu Abu Hanifa mutumin Kabul ne. Mazhabarsa mafi yawansu ke bi har yau, kamar yadda muke bin ta Imamu Malik.

To, amma ƙabilar Fashtun, wadda ta fi kowace yawa a can, tana da tsarin zamanta na kaka da kakanni, wanda suke kira Fashtunwali. A cikinsa akwai karrama baƙo ko da ba a san shi ba, da bai wa mai neman mafaka kariya ko da abokin gaba ne, da ramuwar jini, da majalisar dattawa da suke kira jirga. A irin wannan majalisa aka zaɓi Ahmad Shah Durrani sarki a Kandahar a 1747, daga nan daular Afganistan ta kafu. Karrama baƙo da shawara da sulhu duk abubuwa ne da Shari'a ta zo da su, shi ya sa malaman usulu suka karɓi al'ada a matsayin abin da ake hukunci da shi muddin ba ta saɓa wa nassi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da ta saɓa. Akwai wata al'ada da suke kira baad: in mutum ya kashe rai, sai jirga ta yanke cewa a ba dangin mamacin ƴarsa ko ƙanwarsa aure, domin a kashe wutar gaba. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ce za ta shiga gidan da ke jin zafin danginta, ta ƙare rayuwarta a can. Shari'a kuwa ta ajiye ƙisasi da diyya da afuwa, ba ta ɗora laifin wani a kan wani ba. Haka nan a ƙauyuka da yawa ba a ba mace gadon ƙasa, alhali Suratun Nisa'i ta yanka mata rabonta. Masu yin haka suna salla, suna azumi, da yawansu kuma sun ɗauka abin da suka tarar wajen iyaye shi ne addinin.

Sarakuna sun gwada gyara. Amanullah Khan, wanda ya hau mulki a 1919, ya kafa dokoki a kan aure da haƙƙin mata, amma ya haɗa su da kwaikwayon Turawa, bai kuma jawo malaman ƙauye a jiki ba. Aka yi masa bore a Khost a 1924, ya rasa gadon sarauta a 1929. A 2009 hukuma ta sake haramta baad da doka. A Disamba 2021 shugaban Taliban ya fitar da umarni cewa kada a ba da mace don sulhu, kada a yi mata auren dole, a kuma ba wadda mijinta ya rasu gadonta. Hukumomi uku da ba su jitu a kan komai ba sun jitu a kan wannan. Yawan maimaita hanin kuwa shaida ce cewa takardar sarki ba ta tumɓuke abin da ya yi saiwa a zukata. Wannan aikin karantarwa ne, zaure bayan zaure.

Ya ƴan'uwa, laifi tudu ne, sai mutum ya taka nasa ya hangi na wani. Mu ma a ƙasarmu akwai gidajen da ake raba gona tsakanin maza, a ce mace ai gidan wani za ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa a kan cuɗa al'ada da addini da barin mata cikin jahilci. Wanda ke riƙe da gonar ƴar'uwarsa, to, hatsin da yake buɗa baki da shi akwai haƙƙinta a ciki, ya mayar mata tun kafin Salla. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya zaunar da Afganistan da ƙasarmu lafiya. Amin.