Tarihin Samuwar Shuɗin Ƙwan Lantarki da Tasirinsa a Abuja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Nyanya ko Mararaba bayan magariba zai tarar farin hasken fitilar caji ya maye gurbin a-ci-bal-bal a teburan masu shayi da masu tsire. Wannan muƙala za ta bi diddigin asalin wannan haske, wanda tushensa shuɗi ne.

2.0 Neman Shuɗin Haske

Ƙwan da ake kira LED ba ya ƙona zare. Haskensa yana fitowa ne daga wani ɗan ƙanƙanin ma'adini idan lantarki ya ratsa shi, kuma nau'in ma'adinin ke tantance launin. A shekarar 1962 Nick Holonyak ya samar da ja a Amurka, daga bisani aka sami rawaya da kore. Shuɗi mai ƙarfi kuwa ya gagara har kusan shekara talatin. An san ma'adinin galiyam naitiraid zai iya ba da shi, amma yakan fito da tsage-tsage, har mafi yawan masana suka juya masa baya.

Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya a Japan ba su karaya ba. A 1986 suka sami ingantaccen ma'adinin a kan dutsen safaya, a 1989 kuma suka sarrafa shi da maganiziyam ya ba da haske. Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya gano haidurojin ne ke toshe aikin maganiziyam, kuma gasawa na korar sa. A 1993 kamfanin ya fitar da shuɗin ƙwai mai ƙarfi. Da aka lulluɓe shi da garin sinadari mai fitar da rawaya a 1996, sai aka sami farin haske. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2014.

Ƙara alminiyum cikin ma'adinin kuma ya haifar da hasken da ya zarce shuɗi, wanda ido ba ya gani. Da shi ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha.

3.0 Kammalawa

Saboda ƙarancin wutar da farin ƙwan ke ci, ƙaramin faifan hasken rana da batir sun isa su haskaka ɗaki a ƙauyukan Kwali da Abaji, ɗalibi ya yi bitar karatu ba tare da shaƙar hayaƙin kananzir ba. Hausawa dai sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.