Tarihin Gardamar Ƙwaya da Ƙunshi a Harshen APL

A cikin shekarar 1962 wani malamin lissafi ɗan ƙasar Kanada, Kenneth Iverson, wanda ya bar Jami'ar Harvard ya koma kamfanin IBM a 1960, ya wallafa littafin da harshen APL ya samo sunansa daga gare shi. Manufarsa ita ce a riƙa umurtar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi aiki a kan jeri sukutum. Alal misali, in aka ce a ƙara 1 a kan jerin 3 5 7, sai ta mayar da 4 6 8 da umurni guda. A wancan zamani rarrabe abubuwa bai zama wahala ba, domin kuwa jeri ko dai na lambobi ne ko na haruffa, kuma kowane gurbi a cikinsa ƙwaya ɗaya tak yake ɗauka.

Amma aikin ofis bai yarda da wannan ƙa'ida ba. Takardar ma'aikaci tana ɗauke da suna mai haruffa da yawa, da albashi, da jerin ranakun hutu, kuma ana so a tara su wuri guda. Saboda haka masana suka nemi hanyar ƙunshe jeri a sa shi cikin gurbin wani jerin. A nan ne gardama ta tashi, kuma a kan tambaya ɗaya ta tsaya, watau in an ƙunshe lamba 5 ita kaɗai, mene ne aka samu?

Ɓangaren IBM, wanda Jim Brown ya jagoranta bisa nazarin Trenchard More, ya ce 5 ce dai. Ƙwaya ba ta ƙunsuwa. Ko sau goma aka naɗe ta, ita ce. A kan wannan ra'ayi aka gina NARS na kamfanin STSC a 1981, da APL2 na IBM a 1984. Iverson kuwa bai yarda ba. A 1980 ya koma kamfanin I. P. Sharp a Toronto, inda aka ɗauki ƙunshi a matsayin wani iri na uku, dabam da lamba da harafi, wanda ba a taɓa abin da ke cikinsa sai an kwance shi. Haka ya ci gaba a harshen J, wanda shi da Roger Hui suka fitar a 1990.

Kowane ɓangare ya biya kuɗin ra'ayinsa. Mai bin Iverson kullum cikin kwance ƙunshi yake, ko da tara lambobi biyu da aka ƙunshe zai yi, amma ba ya shakkar abin da ke hannunsa. Mai bin IBM ya huta da wannan, har yana iya gwama lamba da harafi a jeri ɗaya, sai dai in ya rubuta umurnin da zai yi ta kwancewa har ya kai ƙasa, to ba zai taɓa tsayawa ba, tun da kwance 5 yana ba da 5. Dole ya auna zurfi tukuna: ƙwaya zurfinta 0, jeri na sarari 1, jeri cikin jeri 2. Ta fuskar tsabtar ilmi hujjar Iverson ta fi ƙarfi, amma galibin masu APL IBM suka bi, har da Dyalog APL da ya fito a Ingila a 1983.

Ma'aunin zurfin ya yi amfani har zuwa lokacin da Dyalog ya shigo da rumbu, watau ma'ajiya mai ɗauke da nata sunaye da ayyuka, sannan a 2006 ya ƙara tsarin azuzuwan da ake ƙera irin waɗannan rumbuna da su. Abin da ake riƙewa a hannu alamar rumbun ce kawai, kuma zurfinta 0 ne, daidai da na 5. Alhali kuwa halinsu ya sha bamban: in an kwafi lamba an sami biyu, kowace da zamanta, in an kwafi alamar rumbu, rumbun ɗaya ne, duk wanda ya canza abin ciki ya canza wa kowa. Don haka sai a tambayi na'ura ajin sunan, da umurnin ⎕NC: ta ce 2 in jeri ne ko ƙwaya, 9 in rumbu ne. Ko wannan ma yana da iyaka, gama sunan da ke riƙe da jerin alamomin rumbu 2 yake bayarwa, sai an bi gurbi gurbi.