Wuri, Dara da Carafke: Yadda Kakanninmu Suka Koyi Lissafi (Zare)

1/ Jama'a, duk sanda aka ce a koya wa yaran firamare lissafi da wasa, sai ka ji wani ya ce "wanga ai salon Turawa ne, mu da bulala muka iya". To yau mu bi tarihi mu gani. Ni ɗan Danchadi ne, ɗalibin jami'a, kuma daga gida zan ɗauko yawancin misalaina. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara da kalmar "kuɗi". Kun san jam'in "wuri" ce? Kafin zuwan kwabo da sule, da wuri ake ciniki a kasuwanninmu. Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne. Ku yi tunanin mai sayen doki.

3/ Wa zai ƙirga wuri dubu ashirin ɗaya bayan ɗaya? Babu. Biyar-biyar ake jan su da yatsu, a tara kashi-kashi, a haɗa kashi ya zama ɗari biyu, a haɗa ya zama dubu. Yaron da ya tashi gaban mai fatauci da hannunsa ya koyi tarawa da ninkawa, ba wanda ya taɓa rubuta mai komai a allo.

4/ Harshen ma da lissafi a cikinsa. Ashirin, talatin, arba'in daga Larabci muka aro su. Kafin nan "gomiya biyu", "gomiya uku" ake cewa, wato goma sau biyu, goma sau uku. Har yau tsoffi kan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon sha tara. Debewa ke nan a cikin hira, ba aji ba malami.

5/ Sai ɓangaren malamai. Sifawa na nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga. A irin waɗannan zaurukan, mai neman ilimin fiƙihu dole ya ratsa ta rabon gado da zakka.

6/ Rabon gado kuwa lissafin ɓangarori ne zalla: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Zakkar hatsin damina ɗaya cikin goma, ta noman ban ruwa rabin haka, ta kuɗi ɗaya cikin arba'in. Abin da ɗan aji huɗu ke kuka a kansa yau da Turanci, muna da sunansa da Hausa tun tuni.

7/ Akwai kuma ramzi. Kowane baƙin Larabci na da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, ya 10, kaf 20. Marubutan waƙa na zamanin jihadi, har da Nana Asma'u, kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitin ƙarshe. Mai karatu ya tara lambobin baƙaƙen ya fitar da shekara. Kacici-kacici ne na manya.

8/ Mu leƙa Katsina. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi masanin lissafi ne da taurari. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku da biyar-biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu nazarin tarihin lissafi a duniya har yau suna ambaton sa.

9/ Na san hatimi ya fi shahara wajen masu tsibbu, ni lissafin cikinsa kawai nake magana. Gwada wanga: zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Zuba 1 zuwa 9, kar ka maimaita lamba, kowane layi ya ba da 15, har da na karkace. Ba yaro wannan da tsakuwa ka ga tarawa nawa zai yi bai sani ba.

10/ Yanzu wasannin dandali. Dara: ramuka 30, shida a jere sau biyar, kowa da 'ya'ya 12. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin wasa. Dattijon da ke dara a gindin bedi yana hango motsi biyu ko uku gaba kafin ya taɓa tsinke. Irin wannan hangen ake nema wajen warware tambayar lissafi.

11/ Carafke fa? Yarinya ta cilla dutse sama, ta kwashe na ƙasa ɗai-ɗai, sai bibbiyu, sai uku-uku. In duwatsu goma ne aka ce uku-uku, ta san sau uku za ta kwasa, ɗaya ya yi saura. Rabawa ke nan da ragowa. Amma a rubuta mata 10 ÷ 3 a allo, sai ido ya raina fata.

12/ To ina aka rabu? Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a Maris 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, da Hausa ake karatu har da lissafi. Bukatar mulkin mallaka a fili take: malaman haraji da akawu masu iya riƙe littafin kuɗi.

13/ Kuɗin kuma masu wuyar sha'ani: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam. Ga taro, ga sisi, ga nai. Ɗan elementare sai ya haddace wannan duka. Duk da haka abin da sauƙi ta wani gefen, don kuɗin da yake lissafawa a aji su ne yake gani a kasuwa.

14/ Kuma malaman lokacin ba duka ne 'yan hadda ba. Alhaji Shehu Shagari, haifaffen Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci firamare a Argungu. Waƙar Nijeriya da ya rubuta don koyar da labarin ƙasa ya yi ta. Ya gane yaro ya fi riƙe abin da ya ji daɗinsa.

15/ Bayan 'yanci abubuwa suka zo a jere. A 1962 aka fara shirin Entebbe a Yuganda, wanda ya kawo "lissafin zamani" ƙasashen Afirka masu Turanci, salon da ya taso daga Amurka. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A Satumba 1976 aka soma UPE, firamare kyauta ga kowa.

16/ Yara suka yi dafifi, azuzuwa ba su isa ba, aka horar da malamai cikin gaggawa. A 1977 gwamnatin tarayya ta soke lissafin zamanin. Ku sa kanku a matsayin malamin ƙauye: sabon manhaja, sabon kuɗi, aji maƙil, ga Turanci. A ganina nan hadda ta kafu, don ita ce mafi sauƙin riƙe aji. "Tu tayims tu, fo!" Wanda ya kuskure, bulala.

17/ Alhali manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatun firamare da harshen uwa. A Ife ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara shekara shida da Yarbanci har da lissafi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da UBE ran 30 ga Satumba 1999.

18/ Abin dariya, yanzu daga waje ake dawo mana da kayanmu. Tsarin TaRL da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka gwada a Barno da Kano, da tsinkaye da dami ake koyar da lamba. Tsinke goma dami ɗaya. Gomiya ke nan! In ka zo cire 17 daga 32, ka kwance dami guda. "Aro" ya fito fili.

19/ Na san abin da malamai za su ce, kuma da gaskiyarsu: aji cike, hayaniya, ga jarrabawa, ga uba na cewa "wasa na kai shi yi?" Wasan da ba shi da manufa ɓata lokaci ne. Hadda ma na da wurinta, dole yaro ya riƙe jadawalin sau a ka. Magana ita ce ya fara taɓa abin da hannu, ya gane, sannan ya haddace.

20/ Kuma ba sai an jira kwangila ba. Karan gero, marafan kwalba, ƙwallon dabino, tsakuwa, duk kyauta ne a Danchadi. A raba yara biyar-biyar. A buɗe 'yar kasuwa a aji da mudu da kuɗin takarda, wani ya saya wani ya ba da canji. Minti goma, sannan a rubuta abin da aka yi da lambobi a allo.

21/ Yarinyar da ke tallan gyaɗa ba ta kuskuren canjin naira ɗari biyar, amma an ce mata daƙiƙiya ce a lissafi, kuma ta yarda. Daga nan take cire rai da kimiyya, da aikin jinya, da duk karatun da ke neman kiredit a lissafi. Wannan asarar tamu ce gaba ɗaya.

22/ Mu 'yan jami'a da 'yan kwalejin ilimi, in an yi hutu, ku tara ƙannenku ku gwada hatimin nan na 15 da su. Sannan ku faɗa min a ƙasa: wane wasan ƙirga ake yi a garinku, kuma da wane suna kuke kiran sa? A tura wa malamin firamaren da aka sani. Allah Ya sa mu dace.