Yadda Sakkwatawa Suka Saba Kwantar da Ruwa

Da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, tudu ya zaɓa, amma tudun da ke kallon mahaɗar gulbi biyu: Rima mai gangarowa ta ƙasar Gobir, da gulbin Sakkwato mai biyowa ta Gusau. Ruwa bai yi wa birnin nisa ba. Sai dai da damina jajir yake zuwa, ɗauke da laka, kuma kwantar da wannan laka ya zama aikin kowane gida.

Malamai sun riga sun sauƙaƙa ɓangare guda. Duk almajirin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ruwan da launinsa ya sauya saboda ƙasar da yake zaune a kanta yana nan da tsarkinsa, a yi alwala da shi babu shakka. Na sha kuwa, mata aka bar wa.

Kakata randa biyu gare ta a gindin bango. Ta farko ake juye abin da aka ɗebo, ba a taɓa ta sai gari ya waye. Yaron da ya kai moɗa can zai ji murya daga ɗaki: "Kai, bar shi shi kwana!" Da safe take kwashe na sama a hankali, ta tace da farin ƙyalle zuwa randa ta biyu, lakar gindi kuma a zuba wa shuka. In baƙi sun yi sallama ba lokacin jira, sai ta ɗauko alif da ta saya wurin ɗan koli, ta kewaya shi cikin ruwan, ta cire. Kafin a gama gaisawa ƙurar ta dunƙule ta nutse. Wasu gidajen 'ya'yan zogale suke dakawa su zuba, dabarar da wata mai bincike, Samia Jahn, ta tarar wurin matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan, ta kuma tabbatar tana aiki. Har yau alif ɗin nan ake zubawa buhu-buhu a matatun ruwan famfo, sannan a bi da kulorin.

Ƙyallen nan na fi girmamawa a duk kayanta. Ruwa yana iya zama garai-garai alhali cuta na ciki. Kurkunu ta ƙananan ƙwarin ruwan tafki yake shiga mutum, kuma a 1988 an ƙidaya masu shi sama da 650,000 a Najeriya. Tace ruwa da ƙyalle na cikin abin da ya kashe shi: an ga mai shi na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke ƙasar a 2013.

Madatsun Bakolori da Goronyo sun zo, famfo ya shiga unguwanni, ɗan garuwa ya ajiye sanda ya kama kura, ruwan leda ya cika gari. Randa ta ja baya, sanin jiran ruwa ya bi ta.

Shi ya sa nake tausayin yaran da yanzu ke sayen akwatin gilashi na kifin ado su kafa a falo. Cikin kwanakin farko ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba koko, hankali ya tashi, a zubar a sake sabo, jibi ya koma yadda yake. Wannan hazo ba laka ba ne, ƙwayoyin halitta ne da suka yi yawa saboda ragowar abinci da kashin kifi, kafin ƙwayoyi masu amfani su zauna cikin matata da tsakuwa, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanke komai kullum yana mayar da aikin farko ne. Alif ba na nan ba ne, yana iya cutar da kifin. A rage abinci, kada a ƙara kifi, a bar matata tana aiki dare da rana. In za a sauya ruwa, a ɗebi kaɗan, a maye da na famfo da ya kwana a buɗe cikin bokiti har kulorin ya fita.