Wayar da Ta Sauko daga Jirgin Sama Zuwa Injin Ban Ruwa

Ramin da ake murɗa fulogi a ciki bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, amma ya daɗe yana ba injiniyoyi ciwon kai. Fulogin kansa ya samu karɓuwa tun 1902, lokacin da Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Bosch na Jamus, ya haɗa shi da na'urar da ke ba shi wuta mai ƙarfi. Muddin kan injin na baƙin ƙarfe ne, haƙoran ramin kan jure sakawa da cirewa shekara da shekaru.

Rigimar ta kunno kai ne da alminiyom. Masu ƙera injin jirgin sama sun rungume shi saboda ba shi da nauyi, kuma yana saurin fitar da zafi. Sai dai yana da laushi, fulogi kuwa jikinsa ƙarfe ne mai tauri. Ga shi idan ya ɗauki zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi. Injin jirgi kuma fulogi bibbiyu ne a kowace silinda, ana yawan kwance su don dubawa. Da farko bushin tagulla ake kafawa a ramin, shi ma wani lokaci ya biyo fulogin ya fito.

A ƙarshen shekarun 1930 wani injiniyan Amurka, Harold Caminez, ya zo da dabarar da ta zauna: waya mai tauri da aka naɗe kamar sifirin, a murɗa ta cikin alminiyom ɗin, ta zama ita ce haƙoran da ƙarfe zai ci. An fara sayar da ita da sunan Aero-Thread, ta yi aiki a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ta shahara da sunan Heli-Coil. A 1954 kamfanin Böllhoff na garin Bielefeld ya fara yin ta a Jamus. Har yau injunan ƙananan jirage irin na Lycoming da ita suke fitowa daga masana'anta.

A 1953 kuwa, kamfanin Briggs & Stratton ya fitar da ƙaramin injin alminiyom na yankan ciyawa.  Daga nan ciwon da ke damun masu jirgi ya shigo gidan talaka, domin yawancin babura da janareto da injunan ban ruwa da ke fadamun Kura da Haɗeja kawunansu na alminiyom ne.

Yadda ramin ke lalacewa sananne ne ga kowane bakanike: a sa fulogi a karkace, a kama shi da sifana tun bai zauna ba, ko a ɗaure shi fiye da kima. Wata rana sai a ji ya yi ta juyawa ba ya kamawa, iska na fita ta gefe.

Gyaran na son natsuwa. Bakanike zai shafa giris a jikin ƙarfen yanka haƙori domin ɓurɓushin alminiyom ya manne a nan, kada ya zuba kan fistan. Zai murɗa kaɗan, ya dawo baya, ya goge, ya sake, yana lura kada ya kauce ko da gashi ɗaya. Sannan ya zura wayar, ya karye ɗan harshen da ke ƙasanta, ya tabbatar ya zaro shi. Mafi aminci shi ne a sauke kan injin gaba ɗaya, kuma wanda ya yi ƙyuyar hakan ya ɗauki kasada da injin wani. Dole kuma girman ya dace: yawancin janareto da injunan ban ruwa milimita 14 ne, ƙananan babura da dama kuwa 10 ko 12. Inda ramin ya ci sosai, masu injin juya ƙarfe kan yanka bushin su kafa, wato dabarar da masu jirgi suka fara da ita.

Ga manomin rani da tumatirinsa ke jiran ruwa a watan Maris, wannan 'yar waya kan hutar da shi sayen sabon kan inji, aikin kuma kan ƙare a yini guda.